Kiran Magariba Ya Same Shi da Ƙwallo a Hannu

Mutanen da suka san ni a Kano ba sa yarda idan aka ce musu ni alƙalin wasan ƙwallon Amurka ne a Madina. Wani abokin karatuna da ya zo Umara ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce karatun Larabci aka turo ni, ba guje-guje da usur a baki ba. Na ce masa karatun na yi shi, na gama, na samu aikin tafinta, na kuma yi aure a unguwar Harra ta Gabas, cikin zuriyar mutanenmu da suka zo aikin Hajji tun zamanin kakanni suka zauna. Usur ɗin daga baya ya zo, kuma ɗana ne ya jawo mini shi.

Babban ɗana ne. A nan aka haife shi, a nan ya tashi. Yana jin Hausa sarai, amma in ka yi masa magana da ita, da Larabci zai amsa maka, shi ma a taƙaice. Da ya fara zama saurayi sai hira ta ƙare tsakaninmu. Ba faɗa muka yi ba. Ina shigowa gida zai gaishe ni, ya sumbaci goshina kamar yadda ake yi a nan, ya shige ɗaki. In na tambaye shi makaranta ya ce, "Alhamdu lillah." In na tambaye shi abokai ya ce, "Tamam," wato lafiya lau. Abin yana ci mini rai ƙwarai, amma ban faɗa wa kowa ba sai mahaifiyarsa.

Wata rana ya shigo da wata ƙwallo mai siffar gwanda, ya ce in kai shi unguwar Jurf a mota, don a can suke wasa. Wasu ɗaliban jami'a 'yan Amurka ne suka koya musu. Ba irin wadda ake gani a talabijin ba ce, inda ƙarti ke sa hular kwano suna karo da juna. Wannan ta ƙyalle ce. Kowane ɗan wasa yana ɗaura ɗamara a ƙugu, ƙyalle biyu suna lilo a jiki, ɗaya dama ɗaya hagu. In kana gudu da ƙwallo abokin hamayya ya fizge maka ƙyalle ɗaya, a nan ka tsaya, a nan za a ajiye ƙwallo a sake tashi. Kowace ƙungiya tana da 'yan damarmaki ƙalilan ta kai ta gaba. Wanda ya tsallake layin ƙarshe da ƙwallo a hannunsa ya ci maki shida.

Na kai shi, na zauna a gefe ina kallo. Rabin lokacin wasa ne, rabi gardama. Ba'amurken da ke yi musu alƙalanci ya kusa gama karatu ya koma gida, kuma babu wanda ya yarda ya gaje shi. Da ya ji cewa na taɓa hura usur a wasan ƙwallon ƙafa na makarantarmu a Kano, sai ya maƙale mini. Ya ba ni usur, ya ba ni ƙyalle ruwan ɗorawa da ake jefawa idan an yi laifi, ya ba ni littafin dokoki. Na karanta littafin nan yadda na karanta littattafan fiƙihu, babi-babi, ina tambayar kaina me wanda ya rubuta wannan doka yake son ya hana. Mutumin ya koya mini abu biyu da ban manta ba. Na farko, kada in busa abin da idona bai gani ba. Na biyu, in wani abu ya faru a tsakiyar gudu wanda za a buƙaci wurinsa daga baya, in jefa alama a ƙasa nan take, kafin in yi tunani. Su a ƙasarsu ƙaramar jaka suke jefawa. Ni ba ni da ita, sai na riƙa cire hulata ta zanna ina jefawa. 'Yan wasa duk sun saba, sun san in hular alƙali tana ƙasa ba a taɓa ta.

Ba zan yi ƙarya ba, na iya aikin. Akwai hukunce-hukuncen da sai mai ido: shin ƙafarsa ta taɓa cikin fili kafin ya fita da ƙwallon, shin hannunsa ya kare ƙyallen ko kuwa lilon gudu ne kawai. Akwai kuma waɗanda littafin bai san da su ba. Wasu ɗalibai suna zuwa da riga doguwa har gwiwa don suturta jiki, rigar kuma tana rufe ƙyallen. Na ce kowa ya sa rigarsa yadda yake so, amma ɗamara a kan riga za a ɗaura ta. Ɗalibai kuwa ba sa karɓar hukunci sai sun nemi dalili. Ka busa usur, mutum ya taho yana haki yana cewa, "Malam, mene ne hujjarka?" Sai ka ce a aji muke.

Amma abin da ya fi mini komai shi ne motar. Daga Harra zuwa Jurf, da dawowa, yaron nan da ba ya magana sai bakinsa ya buɗe. Yana zaune a gaba kusa da ni, yana zana mini yadda suka tsara gudu da yatsa a kan cinyarsa, yana musu da ni a kan hukuncin da na yanke. Ina yi masa Hausa yana mayar mini da Larabci, ba wanda ya damu. Duk sati ina jiran tafiyar nan kamar yadda yaro ke jiran ranar Salla.

Ƙungiya biyu ce ta fi ƙarfi. Akwai ta ɗalibai, 'yan Najeriya da Nijar da Chadi da 'yan Amurka biyu-uku. Kyaftin ɗinsu wani dogon ɗan Sakkwato ne, mai gudu kamar an koro shi, mai natsuwa kuma in ya tsaya. Akwai kuma ta 'yan unguwa, wato su ɗana, wadda ƙanin matata yake horarwa. Ɗalibai ne suke cin su kullum. Ana gobe za su sake haɗuwa, mahaifiyar yaron ta same ni ta ce in bar wani ya hura wannan wasan.

"Wa zai hura?" na ce. "Ni kaɗai ne."

"To ka sani, in ka kunyata shi a gaban jama'a, ba zai sake hawa motarka ba. Na san ɗana. Motar kawunsa zai koma."

Na ce mata ni ba na kunyata kowa, abin da na gani nake busawa. Na faɗa da ƙarfin hali, amma maganarta ta zauna mini a rai.

Akwai ƙa'ida ɗaya da muka yi wa kanmu tun farko, wadda ba ta cikin littafi: da zarar an kira salla, wasa ya tsaya. Ba wanda ya taɓa tambaya ko mene ne hukunci in kiran ya zo ƙwallo tana tsakiyar tafiya, domin kowane gudu bai wuce ƙiftawar ido ba, kuma kullum muna tashi kafin magariba. Ranar nan sai masu ƙwallon ƙafa da suka riga mu kama filin suka ƙi fita da wuri, muka fara a makare. Ga jama'a an cika. Har surukina ya zo, kakan yaron, dattijon da bai taɓa ganin wasan ba. Jikansa ne ya ce masa yau za su yi nasara. Aka ajiye masa kujerar roba a bakin layi, da fulas ɗin shayi mai na'ana'a.

Wasa ya yi zafi. 'Yan unguwa sun taka rawar da ban taɓa ganin sun taka ba. Da lokaci ya zo ƙarshe, ɗalibai suna gaba da maki huɗu, ƙwallo kuma tana hannun su ɗana, can baya a ɓangarensu. Gudu ɗaya ya rage. Aka jefa wa ɗana, ya cafke, ya goce wa mutum ɗaya, ya kama gefen layi ya zura. Agogon hannuna ya nuna lokaci ya cika yana cikin gudu, amma a dokar wasan ba a yanke gudun da aka riga aka fara. Ina biye da shi ta ciki. Na hango ɗan Sakkwaton nan ya yanko ta gefe, kuma duk wanda ya san gudunsa ya san zai iya cim masa.

Sai ladanin masallacin da ke bayan shinge ya ce, "Allahu Akbar."

Ɗan Sakkwato ya ja birki, hannunsa a miƙe. Sauran ɗaliban ma suka tsaya cak, wasu har sun fara amsa wa ladan. Hannuna ya kai kan hula na jefa ta ƙasa kafin in san na yi. Ɗana kuwa bai tsaya ba. Ya wuce ta gaban mutumin da ke tsaye, ya tsallake layin ƙarshe, ya ɗaga ƙwallo sama. 'Yan unguwa suka ruga suka rungume shi. Ya juyo yana nemana da ido, yana jiran in ɗaga hannuwana biyu sama, alamar an ci. Ban ɗaga ba. Ban kuma busa ba.

Aka yo kaina. Ƙanin matata ne a gaba, jijiyar wuya a miƙe.

"Esh hada, ya hakam? Mene ne wannan? Ka busa usur? Ba ka busa ba! Kai da bakinka kake cewa ba abin da ke tsayar da wasa sai usur. Sitta! Maki shida, khalas!"

Ɗan Sakkwato ya jira ya gama, sannan ya ce, "Malam, mun yi ƙa'ida ko ba mu yi ba? An kira salla, wasa ya tsaya, lokaci kuma ya cika. Mu muka ci. Ko za a hukunta mu ne don mun girmama kiran salla?"

Kowannensu yana da gaskiya. Na ce musu, "Salla tukuna." Wannan ce kaɗai maganar da ba mai musu da ita a garin nan.

A wurin alwala na yi ta juya abin. In na ba da makin, na ce wa ɗalibai ke nan gobe in sun ji kira su yi kamar ba su ji ba, kuma kowa zai ce uba ya yi wa ɗansa. In na ce wasa ya ƙare, na ƙwace wa 'yan unguwa gudun da suka fara bisa doka, wanda ba wanda ya san yadda zai ƙare. Wataƙila ɗan Sakkwato ya kama ƙyallen, wataƙila ya kuskure. Ina wanke ƙafa wani babi ya faɗo mini. A littafin akwai hukuncin alƙalin da ya busa usur bisa kuskure ana tsakiyar gudu. Masu tsaro sun tsaya ne don sun ji abin da aka ce su tsaya in sun ji, saboda haka abin da ya biyo baya ba ya lissafuwa. Amma masu ƙwallo ma ba su yi laifi ba, don haka ba a tashi a kan haka, ko da lokaci ya cika. Ana mayar da ƙwallo inda take lokacin da ƙarar ta tashi, a ba su gudu ɗaya. Kiran salla ba kuskure ba ne, Allah ya tsare, amma aikin da ya yi a kunnen masu tsaro shi ne aikin usur ɗin. Na ji raina ya kwanta. Na san daidai ne, na kuma san ba wanda zai ji daɗinsa.

Bayan salla na tara su a ƙofar fili na faɗa. Ƙanin matata ya ce na sayar da ɗana don ɗalibai su yaba mini. Wani ɗalibi ya ce ƙiyasin bai cika sharaɗi ba. Ɗan Sakkwato ya ce, "Illar ɗaya ce, wato dalilin tsayawar. Na karɓa." Ɗana yana tsaye a gefe. Ya yi kicin-kicin da fuska, bai ko kalle ni ba.

Muka shiga fili, an kunna fitilu. Na nufi inda na jefa hula. Babu hula.

Sai ga surukina ya taso daga kujerarsa yana dogara sanda, hular a hannunsa. Ya karkaɗe ta tsaf, har ya gyara mata kari.

"Malam, hularka ta faɗi," ya ce. "Yaran nan duk sun wuce ta, ba wanda ya duƙa. Ina zaune ina kallon hular magidanci a ƙasa, na ce wannan ba tarbiyya ba ce."

Me zan ce? Surukina ne, uban matata, wanda ko haɗa ido ba na cika yi da shi. Na sa hannu biyu na karɓa, na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba." Na tambaye shi a hankali ko ya tuna inda ya ɗauke ta. Ya yi nuni da sanda, nunin da ya haɗa rabin filin, ya ce, "Can wajen."

Sabuwar gardama ta tashi. Ƙanin matata ya je dab da layin ƙarshe ya tsaya, ya rantse a nan yaron yake. Ɗalibai suka ce ko tsakiyar fili bai wuce ba. Ni a raina ina da wurin da nake zato, tsakanin su biyun, ya ɗan fi kusa da na ƙanin matata. Amma zato ne, idona yana kan ɗan Sakkwato lokacin. Kuma duk inda na nuna, yatsan uba ne yake nunawa. Ban taɓa jin kaɗaici a fili kamar wannan lokacin ba.

Ɗana ya fito daga cikin abokansa, ƙwallo a hammata. Ya wuce kawunsa. Ya wuce wurin da nake zato. Ya ci gaba da komawa baya har daidai wani turken fitila, ya ajiye ƙwallo a ƙasa.

"Hina," ya ce. "A nan nake."

Kawunsa ya daka masa tsawa. "Ya walad, ka haukace? Dawo nan!"

"La, ya khali," ya ce, wato a'a kawu. "Ba hauka ba ne. Ina daidai turken nan na ji Allahu Akbar. Na ji sarai. Na ci gaba ne don ban ji usur ba." Ya juyo wajena, fuska a ɗaure. "Yalla, ya hakam."

Hakam ya ce mini, wato alƙali, bai ce Abuya ba kamar yadda ya saba kirana. Na lura, ya kuma san na lura. Amma wallahi a wannan lokacin kaina ya yi girman da hular ba za ta shige shi ba. Ɗan Sakkwato ya dubi turken, ya dubi yaron, ya ɗora hannu a ƙirji.

Aka ja layi, na busa. Suka sake jefa wa ɗana, don ba su da wanda ya fi shi. Ya cafke, ya yi dama ya yi hagu, ya miƙe. Wannan karon ba wanda ya tsaya. Ɗan Sakkwato ya yi tsalle ya miƙa hannu, ƙyallen ya fita a ƙugun ɗana, sannan ƙafarsa ta taka layi. Tazarar ba ta kai tsawon takalmi ba. Da ina nesa da zan iya cewa ban gani ba, amma ina kan layin, kuma na gani. Na busa, na nuna ƙasa. Ɗalibai suka ci.

Na je mota na zauna, na kunna, ban tashi ba. Ta madubi ina hango motar ƙanin matata, ƙofa a buɗe, 'yan unguwa suna shiga, ana kiran ɗana. Yana tsaye a tsakani yana kwance ɗamara a hankali, kamar ba zai gama ba. Maganar mahaifiyarsa ce kawai take yi mini amo a kunne. Na riƙe sitiyari ina jin tsoro, tsoro na gaske.

Ƙofar gaba ta buɗe. Ya shigo ya zauna, ya buga ta da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Muka kama hanya, muka yi nisa. Sai da muka tsaya a danja ya ce, yana kallon taga, hukuncina na farko kuskure ne, maki shida ne. Na ce masa ya kawo hujja. Ya kawo. Na rushe ta. Ya kawo wata, wadda ta fi ta farko ƙarfi, har sai da na koma babin littafin a kaina kafin in amsa. Kafin mu shiga lungunan Harra ya juyo gaba ɗaya yana fuskantata, yana zana turken fitila da layin ƙarshe a kan cinyarsa. Har yau bai yarda ba, ni ma ban janye ba.

Mahaifiyarsa tana jin ƙarar mota ta leƙo. Ta ga mu biyu muka fito, ta dube ni, ta dube shi. Ƙaninta ya riga ya kira ta a waya ya zayyana mata nasa labarin.

"An ce an cuce ku," ta ce masa.

Ya tsaya yana cire takalmi, bai ɗago kai ba. Ni kuma ina bayansa da hula a hannu, ina jira.

"Ma ahad zalamna," ya ce. Sannan ya ƙara da Hausarsa mai nauyi, don ta ji da kyau. "Ba wanda ya cuce mu, Umma. Baba ne alƙali."